Tambaya da Amsa: Kifi da Soyayyen Dankali na Ingila

Tambaya: Ɗana yana karatu a Bradford, kuma ya ce yawancin abincinsa na dare kifi ne da soyayyen dankali daga wani shago kusa da masaukinsa. Shin irin soyayyen kifinmu ne? Kuma ya halatta Musulmi ya ci? Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, abincin ya bambanta da namu. Kifin teku ake amfani da shi, galibi kod ko hadok. Kod ɗin nan shi ne wanda ake shigo mana da busasshensa daga Norway. Ana zare ƙayarsa, a tsoma tsokar cikin kwaɓin fulawa mai ruwa-ruwa, sannan a jefa ta cikin mai mai zafi sosai, ta yadda fulawar za ta soyu ta yi ƙaras-ƙaras yayin da kifin ke dahuwa da tururinsa a ciki. Dankalin Turawan kuma ana yanka shi da kauri, a barbaɗa gishiri da ruwan khal, ba tare da yaji ba, abin da ke ba mutumin Jos mamaki a karon farko. Yahudawan da suka baro Sifen da Fotugal ne suka kai wannan salon suyar kifi Ingila, kuma a wajajen 1860 aka fara buɗe shagunan da ke haɗa shi da dankali. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ba ta sa shi cikin abincin da ta ƙayyade wa jama'a ba.

Game da halacci, kifin kansa ba shi da matsala, tunda ba ya bukatar yanka. Inda ya kamata a lura shi ne man suya da kwaɓin. A yankin Yorkshire, inda Bradford take, shaguna da dama har yau da kitsen shanu suke suya saboda ɗanɗano, kuma ba lallai ne an yanka dabbar bisa ƙa'idar Musulunci ba. Wasu suna soya tsiran naman alade a cikin man da suke soya kifi, wasu gidajen abinci kuma suna zuba giya a kwaɓin fulawar domin ya ƙara tashi. Saboda haka ki umarce shi ya tambayi mai shagon kai tsaye: wane mai kuke amfani da shi, me kuma kuke soyawa a cikinsa, kuma akwai giya a kwaɓin? Masu shago a can sun saba da irin waɗannan tambayoyi, kuma Bradford gari ne mai yawan Musulmi, don haka samun shagon da ke suya da man girki zalla ba zai yi masa wuya ba.

Abin da ya fi damuna, Hajiya, shi ne cin sa kullum, domin maiƙonsa da gishirinsa suna da yawa. Sau ɗaya a mako ya wadatar, sauran ranakun kuma ya ɗora tukunya da kansa.