Maigidana Ya Ƙi Barin Sigari

Assalamu alaikum Anti. Wallahi na gaji. Tun da likita ya ce maigidana yana da hawan jini nake fama da shi ya bar sigari, amma kamar zuga shi nake. Na yi magana, na yi kuka, na ɓoye kwalin, na kakkarya karan a gabansa, har ƙara na kai wajen yayansa. Da na buɗe baki sai ya ce kakansa ya sha har tsufa, ba abin da ya same shi. Tarinsa ke tashina da asuba. Bara ya bari wajen sati uku, da aka ɓata masa rai a wurin aiki ya koma, na ce dama na san ba zai iya ba. Yanzu a mota yake ɓuya ya sha. Na gaji da magana, Anti. Ko dai ba ya ƙaunarmu ne?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ba na ɗora wa kowa laifi, kuma tsoronki na kan hanya, don sigari da hawan jini na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Amma sati ukun nan da kika wuce da gudu su suka tsayar da ni. Kwaɗayin nikotin, sinadarin da ke cikin sigari mai sa a kasa barinta, ya fi azabtar da mutum a satin farko. Mijinki ya haye wannan, sai kika tarbe shi da "dama na san ba za ka iya ba". Gaskiya kin yi kuskure.

Tun a 1977 masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana cewa wanda bai yarda zai iya abu ba, da wuya ya dage a kai. Prochaska da DiClemente, da suka yi nazarin masu barin sigari a Amurka, sun ga da yawa sai sun bari sun koma kafin su rabu da ita. Zancen kakansa kuwa, ba ke kaɗai yake lallashi da shi ba, har da kansa.

Ku ma masu karatu ku ji: babba idan aka matsa masa yakan ƙara kafewa don ya nuna shi ke da iko da kansa. Shi ya sa ya koma mota.

Ki daina ɓoye kwalin. Ranar da yake cikin walwala ki ba shi haƙuri kan waccan magana, ki tambaye shi yadda aka yi ya jure sati uku, da abin da zai yi idan ransa ya sake ɓaci. Sannan ku tambayi likita cingam ɗin nikotin ko filastar nikotin da ake liƙawa a fata.