VNAV ya bar ni sama, laifina ne ko na kwamfuta?

Tambaya: Kyaftin, ranka ya daɗe. Sabon mataimakin matuƙi ne ni a Boeing 737. Sau biyu ke nan muna gangarowa a VNAV PTH, wato tsarin da kwamfutar jirgi ke bin hanyar gangarowar da ta zana, sai gudun jirgi ya yi ta hauhawa har allo ya rubuto DRAG REQUIRED, kyaftin ɗina ya karɓe ya gyara. Abin ya hana ni barci. Wani abokina ya ce in daina damuwa, wai VNAV da tauraron ɗan'adam yake auna tsayi, ba ya kuskure. Haka ne?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka a kan ta farko. Ta biyun ce ta tayar mini da nawa.

Hanyar gangarowar da kwamfutar jirgi ta zana maka hasashe ce. Daga ƙarshen tafiya take fara lissafi ta dawo baya, ta ɗauka injuna suna silo, wato a mafi ƙarancin ƙarfinsu, ta haɗa nauyin jirgi da gudun da ka zaɓa da iskar da ka shigar, sannan ta sa maka alamar T/D, wato inda za ka fara gangarowa. A VNAV PTH hancin jirgi hanyar yake bi, gudu kuwa abin da ya samu ne. In iskar baya ta fi wadda ka shigar, ko ka kunna na'urar hana ƙanƙara silon inji ya ɗaga, ko jami'in kula da zirga-zirga ya yanke maka hanya, dole jirgi ya ƙara dunƙufar da kai don kada ya bar layi, gudu ya hau. DRAG REQUIRED na cewa ne ka ja birkin iska. Cike shafin hasashen iska tun kafin T/D, ka kuma riƙe lissafin ka: tafiyar mil 3 ga kowace ƙafa 1,000 da za ka sauko. Daga ƙafa 35,000 wajen mil 105 ke nan, ka ƙara kamar mil 1 ga kowane not 10 (ma'aunin gudun jirgi) da za ka rage kafin ka kai not 250 a ƙafa 10,000. In lissafinka da na allo suka saɓa, ka faɗa wa kyaftin tun da sauran wuri.

To, maganar abokinka. Wallahi na gaji da jin ta, a ɗakin hutun matuƙa, a zaurukan WhatsApp, har daga bakin waɗanda suka koyi tuƙi a kwamfutar gida suke karantar da mutane. Tauraron ɗan'adam yana gaya wa jirginka inda yake a taswira. Tsayin da VNAV ɗinka ke bi kuwa daga matsin iska yake fitowa, wato daga QNH, lambar matsin iskar wurin da kai ka murɗa a ma'aunin tsayi da hannunka. Ka murɗa ba daidai ba, hanyar gaba ɗaya ta sauka ko ta hau, alamar hanya a allo kuma tana nan daram a tsakiya tana nuna maka komai lafiya.

Ranar 23 ga Mayu, 2022, wani Airbus A320 da ya taso daga Sitokhom yana shirin sauka a filin Charles de Gaulle na Faris, titi 27R, na'urar ILS ta titin, mai jagorantar jirgi da sigina daga ƙasa, ba ta aiki. Aka ba matuƙan QNH 1011 maimakon 1001. Lamba ɗaya ce ta canza, amma hektofaskal 10 (ma'aunin matsin iska) ya kai kusan ƙafa 280. Suka bi hanyar sak cikin ruwan sama, ba su ga titi ba, suka fasa sauka. Binciken BEA, hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Faransa, ya nuna tazarar jirgin da ƙasa ta ragu zuwa ƙafa 6, a waje da shingen filin. Suka zagayo karo na biyu da lambar nan dai, sai da suka hango titi da ido suka gyara.

Abin da ke ba ni tsoro a lamarin shi ne, duba tsayi da tazara da aka koya muku ba zai kama wannan kuskure ba. Za ka karanta mil 5, tsayi kaza, ka ce daidai, alhali ma'aunin da ka duba shi ne mai ƙaryar. Da ILS ne, siginar na zuwa daga ƙasa, ba ruwanta da abin da ka murɗa. VNAV ba shi da wannan mai tsawatarwa.

Zafi da sanyi ma haka. A tsananin sanyi jirgi yana ƙasa da abin da ma'auni ke nunawa, shi ya sa ake rubuta iyakar sanyi a takardar sauka. A zafin Afrilu na Kano ko Yamai akasin haka ne, hanyar takan ɗan fi tsayi. Ka tuna kuma da hazon hunturu, ranar da ba ka ganin titi sai ka zo dab da shi, idonka ba zai cece ka da wuri ba.

Saboda haka duk QNH da aka ba ka ta rediyo, gwada ta da wadda ka rubuta daga ATIS, sanarwar filin jirgi da ake ta maimaitawa a rediyo, ko rahoton yanayi kafin ka fara gangarowa. In sun bambanta da fiye da hektofaskal 1 ko 2, tambayi jami'in ya maimaita, babu kunya a ciki. Ku biyun ku furta lambar da baki, kowa ya duba nasa ma'auni. Idan ma'aunin rediyo, mai auna ainihin tazarar jirgi da ƙasa, ya farka a ƙafa 2,500, dubi ko abin da yake nunawa ya dace da ƙasar da ke ƙarƙashinku. Ka nuna wa abokin naka wannan amsar kafin tashinsa na gaba.