Marsandin yau ba V-Boot ba ce, kar a cire mata tamostat

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na tara kuɗi zan sayi Marsandi 'yar Kwatano, C300 ta 2010. Mahaifina ya yi shekaru da V-Boot ba ta ba shi wahala ba, amma abokaina na cewa na yanzu cin kuɗi gare su. Makanikena kuma ya ce da ta iso a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, saboda zafin ƙasarmu. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, motar da ka zaɓa mai kyau ce, amma ba jinsin ta Baba ba ce. V-Boot ita ce W124 da kamfanin Marsandi na Stuttgart ta Jamus ya fitar a 1984, kuma ita aka raɗa wa suna E-Class a 1993. Taka daga zuriyar 190 ta fito, ƙaramar da aka fara a 1982, ta koma C-Class a 1993. Ta 2010 ita ce W204, mai injin V6 lita 3, kuma jif ɗin GLK a kan ƙashinta aka gina ta. Sama da su akwai S-Class ta manya, sai G-Wagen da ake haɗawa a Graz ta Ostiriya tun 1979.

Maganar tamostat ce ta tayar min da hankali, domin kullum sai an kawo min motar da aka lalata da wannan ɗanyen aiki. Wai an ƙera ta ne don ƙasar sanyi! Irin waɗannan motoci suna yawo a Dubai da Riyad da tamostat ɗinsu, zafin can bai kai namu ba ne? Injin nan an tsara shi ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka cire tamostat, ruwa ya riƙa zagayawa ba kangewa, injin ya daɗe bai ɗau zafi ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu sanyi ake, ta yi ta ƙara fetur. Rarar fetur ɗin nan tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta ɓata fulogi, ta toshe katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Daga nan sai mai gyaran ya ce a fasa katalis, a haɗa fanka dairek, a ɗura ruwan rijiya a lagireto, ruwan ya ci alminiyam ɗin injin. Bayan shekara a ce Marsandi ba ta da ƙarko. Wallahi ba ƙaramin zalunci ba ne a karɓi kuɗin mutum a yi masa wannan ɓarna.

In mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ɗin ya maƙale, sai a sa sabo. Kafin ka biya, a jona mata na'urar bincike, a duba giya, a tabbatar ba a riga an cire tamostat ɗin a hanya ba. Sannan ka nemi wani makaniken.