Amsar tambayar Yaya kan allurar sinadarin girma da mantuwar Baba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na ji saƙonki, kin ce Baba ya haura saba'in, mantuwa ta fara yi masa yawa, kuma wani ya ce miki sinadarin girma ne ya ƙare a jikinsa, a saya masa allurar. Na ga gara in amsa a nan saboda kowa ya ji.

To, shi wannan sinadari wani ɗan ƙullutu ne a ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitar da shi, likitoci na ce masa fituwitari, bai wuce ƙwayar wake ba. Ba ya fita a jere, tsit-tsit yake fitowa, yawanci da dare in barci ya yi nauyi. In ya isa hanta sai ta samar da wani sinadarin da ake kira IGF-1. Kuma gaskiya ne ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon abu yana amsa wa su biyun. Wato maganar tana da tushe.

Amma Yaya, abu biyu ne ake haɗawa. Akwai raguwar da shekaru ke kawowa, wadda kowa ke yi, tun daga wajen shekara 30 sinadarin yake sauka, kusan kashi 14 cikin 100 a duk shekara goma. Wannan ba ciwo ba ne. Sannan akwai ƙarancin gaske, shi kuma ba ya zuwa haka kawai. Ko ƙari ya fito a ƙullutun, ko an yi tiyata a wurin, ko an gasa kai da na'urar asibiti saboda ciwon daji, ko mutum ya taɓa buguwa sosai a ka. A mata ma, wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa ƙullutun kan iya lalacewa, abin ya bayyana bayan shekaru. Waɗannan su ne za ki ji suna kukan kasala, tumbi ya ƙaru, tsoka ta zube, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga mantuwa. Su kam in likita ya tabbatar, ana ba su allurar, wasunsu kuma sukan ji sauƙi wajen natsuwa da tuna abu, ko da yake ba sauyi ne mai yawa ba. Shi ya sa tambayata ta farko: Baba ya taɓa samun ɗaya daga cikin waɗannan?

Inda tallar allurar nan ta samo asali, a 1990 wani likita a Amurka, Daniel Rudman, ya yi wa dattawa 12 allurar har wata shida. Tsoka ta ƙaru, kitse ya ragu. Shi ke nan 'yan kasuwa suka ɗauka suna yayatawa wai maganin tsufa ya samu. Alhali mutum 12 ne kacal, duk maza, kuma ba ƙwaƙwalwarsu aka auna ba. A 2007 aka tattara binciken da aka yi kan tsofaffi masu lafiya, aka ga amfanin kaɗan ne, illolin kuwa a fili: ƙafa ta kumbura, gaɓoɓi su yi ciwo, yatsu su riƙa sagewa, suga ya hau. Kin ga in Baba na da suga, ai matsala za a ƙara masa. Mai ciwon daji kuwa ba a ba shi sam.

Kuma don Allah kar a ce an ɗibi jini sau ɗaya an ga ya yi ƙasa. Tunda tsit-tsit yake fita, mai lafiya ma za a iya auna shi a ga kamar babu. Gwajin gaske sai an ba mutum wani magani da zai zaburar da ƙullutun, a riƙa ɗibar jini lokaci-lokaci, a gaban likitan da ya ƙware a harkar.

Abin da ya fi damuna shi ne mu kan ce gigin tsufa ne mu haƙura, ko mu ruga neman allura mai suna, alhali akwai abubuwan da ke kawo mantuwa kuma ana iya gyara su. A duba ƙullutun maƙogwaro, a duba bitamin B12, musamman in ya daɗe yana shan maganin suga metformin. A duba jinsa, domin wanda ba ya ji sosai sai a ɗauka mantuwa yake yi. Yana minshari har numfashi ya ɗauke? Ya daina son hira, yana yawan zama shi kaɗai? Ciwon damuwa a tsoho kan zo da kamannin mantuwa. Sai hawan jini, da magungunan barci.

Yaya, ki tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya ku tafi da su. Ki rubuta tun yaushe abin ya fara, da irin abin da yake mantawa. In kuma rikicewar farat ɗaya ta zo, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan ba a jira, asibiti nan take. Allah Ya ba Baba lafiya, a gaishe shi.