Amsa ga mai tambaya kan kiɗan ƙarshen fim ɗin zobe

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce ka kalli kashi na uku na The Lord of the Rings, an ci yaƙi, zobe ya narke, kowa ya koma gida, amma sai ga ka da hawaye, alhali Turancin ma ba duka kake kamawa ba, shi ne kake tambaya ko kiɗan ne. Shi ne, amma ba na ƙarshen kaɗai ba. Tun kashi na farko aka ɗana maka tarkon.

Na daɗe ina riƙe da gidan kallo a wani ƙauye wajen Ringim. Ranar da babu ƙwallo fim muke sakawa, wannan kuwa mun saka shi har faifan ya gaji, to dole kunnena ya riƙe abin da mai kallo ɗaya ba zai lura da shi ba.

Ka dai san take. Ɗan dambe na zaune yana hira, mai kalangu ya buga takensa, ba a ambaci sunansa ba amma sai jikinsa ya ɗau tsuma. Abin da Howard Shore, wanda ya tsara kiɗan, ya yi ke nan: kowane gari, kowace ƙabila, har zoben kansa, ya ba shi nasa. Ba shi ya fara ba, Richard Wagner na Jamus ya shahara da wannan salo a wasanninsa na waƙa, an nuna babban cikinsu cikakke a 1876.

Wanda ya kama ka shi ne na Shire, ƙauyen gajerun mutanen da ake kira hobbit. A fim ɗin farko na 2001 da 'yar sarewa ake busa shi, ana nuna gonaki da yara suna guje-guje, ba ka ma ɗauke shi a bakin komai ba. A na uku, na 2003, Frodo, hobbit ɗin da ke ɗauke da zoben, na kwance a kan dutsen wuta, leɓe duk ya tsage, amininsa Sam na tambayarsa ko yana tuna gida, sai sarewar nan ta dawo, siririya, ita kaɗai. Ba a nuna maka ƙauyen ba, kunnenka ne ya kai ka. Ranar naɗin Aragorn sarauta kuma, da sarkin ya durƙusa wa Frodo da abokansa hobbit uku, jama'a duk suka bi shi, wannan kiɗan na talakawan ƙauye aka ɗaga, gogen Turawa gaba ɗaya suka ɗauka. A nan ne nakan ga an yi tsit a rumfa, har masu ɓarar gyaɗa sun dakata. Wani dattijo mai sayar da rake, wanda ko kalma ɗaya ta Turanci bai ji, ya taɓa ce min, "Kai, wannan busar ta garinsu ce ko?" Ba wanda ya faɗa masa.

Taken taron mutum taran da suka fita don halaka zoben ma haka: cikakke yake da ƙahoni ranar da suka haɗu, ya kakkarye bayan faɗuwar Gandalf, tsohon da ke jagorantarsu, ya dawo da ƙarfinsa a yaƙin baƙar ƙofa.

Sai na rabuwa, wanda a ganina shi ne gwanintar. Ba a bari sai bakin teku ka fara jin sa ba. An ɗanɗana maka shi sa'ad da Gandalf ke kwantar wa Pippin, ɗaya daga cikin hobbit ɗin, hankali kan mutuwa, maƙiya na dukan ƙofa. An sake kawo shi da Sam ya saɓi Frodo a kafaɗa. Saboda haka da jirgin ruwa ya zo ɗaukar Frodo, zuciyarka ta riga ta ɗaure kiɗan da mutuwa da amana, ko ba a ce uffan ba ka san tafiyar ba ta dawowa ba ce. Shi ne ya zama waƙar da Annie Lennox ta rera a ƙarshe, kuma cikin kyaututtukan Oscar 11 da fim ɗin ya ci akwai na kiɗa, akwai na waƙar.

A nan nake jin takaicin finafinanmu da yawa, musamman na aljanu da dodanni. Ana zuwa wurin kuka sai a lalubo kiɗan tausayi a kwamfuta a liƙa, wanda ka riga ka ji a finafinai barkatai, bai da alaƙa da jarumar balle garinsu. Da tun farko an ba ta ɗan kiɗanta da sarewa ko gurmi ranar murna, a dawo da shi a hankali ranar rabuwa, da ba sai ta yi ta birgima a ƙasa ba kafin mu tausaya.

In za ka sake kallo, ka guji wanda aka fassara, don yawanci ana danne kiɗan a ɗora muryar mai fassara. Ka nemi na asali, ka sa abin ji a kunne, ka fara da mintuna talatin na farkon kashi na ɗaya kafin ka tsallaka ƙarshen na uku.