Ginshiƙan da ke cikin kogon Meziko: da gaske garin silin ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai aikin silin ne na fi'ofi a nan Ƙofar Marusa, cikin Katsina. Ƙanena ya nuna mini wani hoto a Facebook: mutane sanye da kaya kamar 'yan sama jannati, suna takawa a kan wasu ginshiƙai farare masu sheƙi kamar gilashi, sun zama kamar tururuwa a kan itace. Ya ce wai dutsen nan shi ne ainihin garin da nake kwaɓawa. Na ce masa ko dai haɗin kwamfuta ne, ko kuwa lu'ulu'u ne. Har yau muna musu. Wa ya fi gaskiya? Kuma ko muna da irinsa a kogunan duwatsunmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Maigida. Sai dai ka yi haƙuri, wannan karon ƙaninka ya kayar da kai. Hoton na gaske ne, kuma ba lu'ulu'u ba ne. Jifsam ne, dutsen da ake gasawa a niƙa a zuba maka a buhu. Abin da ka wuni kana shafawa a hannu, shi ne mutane suka riƙa saka rigar ƙanƙara don su je su kalla na ɗan lokaci.

Wurin yana ƙarƙashin wani dutse a Naika, jihar Ciwawa, arewacin ƙasar Meziko, inda kamfanin Peñoles ya riƙa haƙar dalma da tutiya da azurfa. A shekarar 2000 masu haƙa suna fasa sabuwar hanya a zurfin kusan mita 300 sai suka ɓulla cikin wani ɗaki da ginshiƙan nan suka sarƙe shi, wannan ya gitta wancan. Mafi tsawonsu ya haura mita 11, kaurinsa wajen mita guda, nauyinsa ya wuce tan goma. Ka jingina shi da bene mai hawa uku, zai kai rufi. Irin wannan jifsam mai haske da ake hangen hannu ta cikinsa ana ce masa selenait, daga sunan wata a harshen Girka, saboda yadda yake ɗaukar haske kamar farin wata.

Amma ni ba zan fara da Meziko ba, da bokitinka zan fara, domin amsar tana ciki.

Jifsam haɗin abu uku ne: kalsiyam, da salfet (wanda asalinsa farar wuta ce ta haɗu da iskar oksijin), da ruwa. Ruwan nan ba jiƙa dutsen ya yi ba, a cikin ƙashinsa yake zaune. Cikin kilo 100 na busasshen jifsam, kusan kilo 21 ruwa ne. Idan aka gasa shi a zafin digiri 150 ko kusa da haka, kashi uku cikin huɗu na ruwan ya fita, sai a samu garin da kake saye. Cikakken sunan fi'ofi da Turanci yana nufin “filastar Faris”, kuma sunan Faris ya maƙale masa ne saboda tsofaffin ramukan jifsam da ke birnin. Wato garin nan jifsam ne mai jin ƙishirwa. Da ka zuba shi a ruwa sai ya narke, ya kwashi ruwan da aka raba shi da shi, ya koma jifsam. Ka san ɗumin nan da kake ji idan ka ɗora tafin hannu a kan abin da ka zuba cikin mazubi, lokacin da ya fara kamawa? Wannan ɗumin alamar komawar ce. Da za ka ɗebi ɗan ɓarɓashi a sa maka a madubin ƙara girma, da ka ga allurai ne ƙanana, miliyoyi, sun soki juna sun sarƙe kamar saƙar asabari. Sarƙewar ce take riƙe silin a sama. Kowace allura ɗaya 'yar'uwar ginshiƙin Naika ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Bambancin kawai, naka sun fito cikin minti ashirin zuwa talatin, suna da yawa, suna rububin abinci, babu wadda ta samu sararin girma.

Akwai kuma wani abu da na tabbata ka sani fiye da ni. Idan yaronka ya yi ƙiwar wanke bokiti, ya bar busasshen kwaɓin jiya a gindi, sabon kwaɓi yana saurin daskarewa tun ba ka gama shafawa ba. Dalili shi ne tsohon ɓarɓashin ya zama iri. Kafin kiristal, wato irin alluran nan ko ginshiƙan nan, ya fara girma dole a samu ɗan ƙwayar da zai ginu a kanta, kuma samar da ƙwayar farko shi ne mafi wuya. Inda iri ya yi yawa, 'ya'ya su yi yawa, su fito ƙanana. Manomin da ya ƙi rage gero a rami ya san wannan. To, tambayar da ta dami masana game da Naika ita ce: yaya aka yi ƙwayoyin suka zama 'yan kaɗan haka, aka kuma ci gaba da ciyar da su ba yankewa?

Wanda ya jagoranci warware wannan shi ne Juan Manuel García-Ruiz, wani masani daga Garnaɗa ta ƙasar Sifaniya, garin nan na Andalus da almajiran tarihi suka sani. Shi da abokan aikinsa sun fitar da bayaninsu a 2007. Kimanin shekara miliyan 26 da suka wuce, narkakken dutse ya taso ya tsaya a ƙarƙashin Naika, ya riƙa tura ruwa mai tsananin zafi ta tsagogin dutsen. Wannan ruwan ne ya ajiye dalma da azurfar da ake haƙa. Ya kuma ajiye wani ma'adini mai yawa da ake kira anhaidirait, ma'anar sunan “marar ruwa”. Kalsiyam da salfet ne shi ma, sai dai babu ruwa a ƙashinsa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai iyaka, wajen digiri 58. Sama da nan, anhaidirait ne yake zaune lafiya a cikin ruwa, jifsam ya narke. Ƙasa da nan sai lamarin ya juya: anhaidirait ya fara narkewa, jifsam ya fara ginuwa. Da dutsen Naika ya huce a hankali, sai ruwan da ya cika kogon ya sauko ƙasa da iyakar nan da ɗan kaɗan, ya tsaya. An gane haka ne ta 'yan ɗigon ruwa da suka maƙale a cikin ginshiƙan tun suna girma, waɗanda suka nuna zafin wajen digiri 54. Narkakken dutsen da ke can ƙasa ya zama kamar garwashin da aka binne a toka, bai ruru ba, bai mutu ba. A irin wannan matsayi anhaidirait yana sakin kalsiyam da salfet ɗigo-ɗigo. Abin da ke cikin ruwan ya ɗara abin da zai iya riƙewa da ƙiris, ƙiris ɗin da bai isa ya haifi sabuwar ƙwaya ba sai can ba a rasa ba, amma ya isa ya ƙara wa wadda ta riga ta samu. Duk abin da ya fito, kan 'yan tsirarun nan yake sauka.

Da ruwan ya yi sanyi sosai, da abincin ya zo da yawa lokaci guda, an samu irin na bokitinka. Shaidar wannan tana cikin dutsen da kansa. Tun 1910 aka gano wani kogo a sama, a zurfin mita 120, aka sa masa suna Kogon Takubba. Shi ya fi kusa da doron ƙasa, ya fi saurin hucewa, bangonsa cike yake maƙil da kiristal, amma ba sa wuce mita ɗaya zuwa biyu. Dutse ɗaya, ruwa ɗaya, bambancin murhu kawai.

Sai batun lokaci, wanda ni kaina duk sa'ad da na koyar da shi sai na ɗan yi shiru. A 2011 aka ɗebo ruwan mahaƙar aka auna saurin girman jifsam a cikinsa da wata na'ura mai aiki da haske. A zafin digiri 55, abin da yake ƙaruwa a shekara bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ɗauki falle ɗaya na takardar littafin ɗanka ka dubi bakinta. Wannan kaurin sai an yi shekara wajen 200 kafin a samu. Daga jihadin Shehu Ɗanfodiyo na 1804 zuwa yau, falle ɗaya ke nan da ɗan ɗori. A wannan lissafi, tunda ta kowane gefe yake ƙaruwa, ginshiƙi mai kaurin mita guda yana buƙatar wajen shekara miliyan. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A nan dai an dafa dutsen a zahiri, romon ne ya daskare. Kuma duk tsawon wannan zamani bai kamata zafin ya yi tsalle ba, ko ruwan ya janye, ko rufin ya rufto. Haɗuwar waɗannan sharuɗɗa a wuri ɗaya ita ce abin mamakin, ba jifsam ɗin ba, wanda yake ko'ina a duniya.

Kayan da ka gani a jikin mutanen ba ado ba ne. A cikin ruwa ginshiƙan suka girma, famfunan kamfanin ne suka zuƙe ruwan don a samu damar haƙa, shi ya sa aka iya shiga. A lokacin, iskar ciki tana iya kaiwa digiri 58, kuma jiƙe take da tururi, sama da kashi 90 cikin ɗari. Za ka ce ai mu ma muna ganin 42 a watan Afrilu. Haka ne, amma iskarmu busasshiya ce, gumi yana bushewa ya sanyaya jiki, kamar yadda randa take sanyaya ruwa da tsatsafowar da take yi. A can gumi ba ya bushewa. Abin da ya fi muni, huhunka ya fi iskar sanyi, don haka tururin yana komawa ruwa a cikin ƙirjinka, irin raɓar da ke taruwa a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Ba kariya, mutum ba ya wuce kamar minti goma. Masu bincike sai da suka ɗinka riguna da aka jera ƙanƙara a cikinsu, da abin shaƙar iska mai sanyi, su ma ɗin rabin awa ko ɗan fiye suke yi su fito. A 2015 aka dakatar da aikin mahaƙar, ruwa ya fara komawa ramukanta, yanzu ba wurin zuwa ba ne. Ni ban ga abin baƙin ciki a nan ba. Jifsam mai laushi ne, takalmi yana ƙarce shi, iska tana dushe haskensa, ruwan nan shi ne gidansa. Wanda yake da kuɗin jirgi kuma yana son gani da ido, akwai na Fulfi a lardin Almeriya ta Sifaniya, wanda aka gano a 1999 aka buɗe wa baƙi a 2019. Ɗaki ne mai tsawon mita 8, kiristal ɗinsa suna kai mita biyu, garau kamar ruwan sha.

Game da namu kuwa, kada ka ɗauki fitila ka nufi kogo. Yawancin duwatsun jihar Katsina, irin na wajen Dutsin-ma, dutsen giranait ne, kuma abin da muke kira kogo a cikinsu sarari ne tsakanin manyan duwatsu da suka jingina da juna. Babu anhaidirait, babu ruwan ɗumi a kulle. Jifsam yakan samu ne inda ruwan gishiri ya taɓa kwanciya ya ƙafe. Muna da irin wannan a Najeriya: wajen Dange da Wurno a jihar Sakkwato, inda teku ya taɓa ratsawa sama da shekara miliyan 60 da suka wuce, da Fika a Yobe, da Nafada a Gombe. Na taɓa tsugunawa a bakin wani rami a ƙasar Sakkwato, masu tono suna fito da shi daga cikin laka mai ruwan toka, falle-falle, wani kamar tafin hannu, wani kamar yatsa. Na goge ɗaya da bakin riga na ɗora a kan rubutun littafina, ina karanta haruffan ta cikinsa. A buhu suke tarawa su sayar, domin masu yin siminti suna zuba ɗan kaɗan, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, don kada kwaɓi ya kama tun yana kan shebur. Ka ga ke nan, har bulon da ke ƙarƙashin silin ɗinka akwai shi a ciki.

Idan wani ya kawo maka farin dutse mai sheƙi ya ce mai daraja ne, gwajin yana yatsanka. Ka ƙarce shi da farce. Jifsam yana mataki na 2 a ma'aunin tauri mai hawa goma, farce yana cin sa ya bar farin layi. Ƙanƙarar dutse da ake tsinta a gonakinmu tana mataki na 7, farce ba ya yi mata komai, ita ce ma take ƙarce kwalba. Lu'ulu'u yana na 10.

In kuma kana so ku raba gardama da ƙaninka da idonku, ku sayo alam ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta. Ku narka shi a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, ku tace, ku raba kofi biyu. Ɗaya ku tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara kuna motsawa, za ku ga ya zubo kamar garin sukari. Ɗayan ku bari ya huce da kansa, ku ɗaura ƙwayar alam ɗaya mai kyau a zare ku rataya a tsakiya, ku rufe da takarda, ku ajiye a lungun da yara ba sa kaiwa. Duk ƙananan da suka fito a gindin kofin ku riƙa kwashe su. Bayan mako biyu ku ɗaga zaren.