Rimi: Itace ne, Gari ne, ko Sunan Mutum?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. An yi mini haihuwa, ina son yaron ya ci sunan marigayi Abubakar Rimi. Shin Rimi sunan mahaifinsa ne? Kuma shi ne aka sa wa Rimin Gado da Kasuwar Rimi? Daga wani manomi a ƙasar Gaya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya raya mana. Rimi ba sunan mahaifinsa ba ne, sunan ƙauyensu ne da ke ƙaramar hukumar Sumaila. Haka 'yan boko na zamaninsu suka tashi, malamin makaranta ya rubuta sunan yaro ya liƙa masa garinsu: Aminu Kano, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur. Muhammadu Abubakar Rimi ya yi gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, lokacin Jigawa na cikinta, ya rasu a 2010. Shi ya ɗauko sunan daga ƙauye, ƙauyen kuma daga itace.

Ba banza aka ce "rimi adon gari" ba. Duk itatuwan ƙasar nan babu mai tsawonsa, yakan haura mita 30, matafiyi na hango kansa tun bai ga katangar gari ba. Saiwoyinsa kan taso daga ƙasa kamar bango, mutum ya jingina a tsakaninsu ba a ganinsa. Idan kwalfar 'ya'yansa ta bushe ta fashe, audugar nan mai laushi ce ake ɗura wa matashin kai da katifa, da ita kuma ake cusa lifidin dawaki. A ƙasarmu galibi dasa shi ake yi, shi ya sa idan ka tarar da tsohon rimi shi kaɗai a tsakiyar gonaki, duba ƙasa da kyau, da wuya ka rasa katangar tukunya. Kufai ne. Itacen da fatake ke yada zango a gindinsa, kasuwa ta ci a inuwarsa, ba a jimawa wurin ya ci sunansa.

Batun kasuwa kuwa, kada a haɗa biyu. Kasuwar Rimi ta cikin birnin Kano dabam, kasuwar Sabon Gari dabam, kuma ta Sabon Garin ce aka raɗa wa sunan gwamnan, kamar yadda aka yi wa gidan talabijin na jiha. Rimin Gado da Rimin Gata da Rimin Kebe duk itacen ne, ba shi ba.

Ga yadda ake warware irin waɗannan sunaye. Fara raba kalmar gida biyu: itace a gaba, mai shi ko abin da ake yi a wurin a baya. Itacen in namiji ne ya ɗauki -n, kamar Durumin Iya, in mace ce ya ɗauki -r, kamar Tsamiyar Boka, Kukar Bulukiya, Kurnar Asabe, Cediyar 'Yan Gurasa. Sai ka lura da jam'i, don nan mutane da yawa ke ɓata. Ɗorayi jam'in ɗorawa ne, Giginyu na giginya, Rimaye ta ƙasar Katsina kuwa na rimi. Inda ka ji jam'i, kurmin itatuwan aka tarar, ba ƙwaya ɗaya ba.

Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne dogaro da allon bakin titi. Masu rubuta shi sukan zubar da ƙugiya, ɗorawa ta koma dorawa, Ɓaure ya koma Baure. Boko kuma ba ya nuna karin sauti: kuka ta miya da kuka na jariri rubutunsu ɗaya, haka gadon kwana da gadon mamaci da Gado sunan mutum. Kunne ke raba wannan gardama. Je ka ji yadda tsofaffin garin ke furta shi, ka tambayi dagaci da limami kowa shi kaɗai, sannan ka roƙi a kai ka inda kututturen yake. Gurjiya ma, a sunan gari, tarko ce: akwai itacen gurjiya, ɗan'uwan rimi mai jan fure, akwai kuma masu kiran gujiya da gurjiya.

Yaronka kuwa, ranar suna a yanka masa rago da Abubakar, a riƙa kiransa Rimi a gida don alkunya. Amma a takardar haihuwa a rubuta Abubakar da sunanka. In aka sa Rimi a takardar firamare, aka sa naka a katin ɗan ƙasa, ranar rajistar jarrabawa sai kun je kotu rantsuwar gyaran suna.